Misalin Bawan da Ya Dogara ga Tsohuwar Kalma

Akwai wani maigida mai gida a gari da gona a hayin kogi. Kowane bawansa yana da kalmar sirri da maigidan ya raɗa masa a kunne, da ita ake buɗe masa ƙofa.

Mai tsaron ƙofar gidan da ke gari ba ya yanke hukunci da kansa. Ko sau goma ka zo a yini, sai ya shiga ya tambayi maigida. Mai gadin gona kuwa, in kogi ya cika da damina ba ya samun labarin gari, sai ya buɗe da kalmar da ya ji a bakin mutum a zuwansa na ƙarshe.

Wani bawa ya doki san noma har ya karya masa ƙafa. Maigida ya aika a kira shi, ya ƙi zuwa, sai maigida ya soke kalmarsa. Bawan ya haye kogi kafin ruwa ya sauko, ya faɗi tsohuwar kalma. Mai gadi bai san kome ba, ya buɗe masa bukka.

Wata huɗu yana kwance a tabarma yana tinƙaho. "Baba mai gadi, ka gani? Suna cewa an kore ni. Wa ake buɗe wa ƙofa in an kore shi?"

Mai gadi ya ce, "Ɗana, bukka na buɗe maka. Rumbu yana gari."

Da ruwa ya janye, yunwa ta kama iyalin bawan, sai ya ɗauki buhu ya nufi gari, ya faɗi kalmarsa da ƙarfi. Mai tsaron ƙofa ya shiga, ya fito ya ce, "Maigida ya ce wannan kalma ta mutu tun lokacin shuka. Ya ajiye maka sabuwa har damina ta ƙare, ba ka zo ba." Ya ja ƙofa. Bawan ya koma wa 'ya'yansa da buhu wayam.

Ma'anar wannan misali ita ce, maigidan nan Ubangiji ne. Mai gadin gona mu ne, 'yan ikkilisiya, da ba mu ganin zuciya. Jikata Rifkatu mai aikin ofis ta ce ko kwamfutarsu haka take: in ba ta samu layin babban ofis ba, takan buɗe da tsohuwar kalmar sirri da ta riƙe, ko an kori mutum, amma ba ta kai shi ga takarda ko ɗaya ta can.

Raina a ɓace yake da ku! An yi muku baftisma shekara ashirin da suka wuce, tun daga ranar ba ku sāke durƙusawa ba. Ka mari matarka ran Asabar, ran Lahadi ka zauna a bencin gaba, mu kuma mu ce maka sannu da zuwa domin mun san fuskarka. Kina zagin maƙwabciyarki da bakin da kike waƙar zumunta da shi. Gaisuwarmu ba gafara ba ce. Abin da muka sani na bara ne.

Ku je wurin Maigida yau, da bakinku, tun yana kira. A ƙofarsa ba za a tambaye ni ba, ba za a tambayi fasto ba. Shi za a tambaya.