Kwalekwalen Baba Nomau da Kacalar da Aka Sare

Ku gyara zama. Na tsufa ina koyarwa a aji, kuma har yau ba na son a katse ni kafin in dire.

A garin Ƙwarin Maje, ruwan kwatoci da na mayanka ba ya faɗawa kogi kai tsaye. Tafkuna aka haƙa masa a bayan gari. Yakan kwanta a na farko datti ya zauna, ya gangara na ƙarshe inda aka dasa kacala, doguwar ciyawar nan ta ruwa, ta tsotse sauran ƙazanta, sannan a sake shi.

To, mu a ƙasarmu kacala abokiyar gaba ce, ita ke toshe mana rafuka. Da ƙaramar hukuma ta yi shelar tsabtace gari, sai aka kira gayya, aka sare ta tas, har da kiɗa. Daga nan baƙin ruwa ya bi kogi.

A ƙasa da garin akwai tunga da duk masunta suka watse, saura Baba Nomau shi kaɗai. Matarsa ta rasu, bai da ɗa. Kifi ya mutu yana kallo. Ba shi da rijiya, ya ci gaba da shan kogin, har gudawa ta kwantar da shi a bukka, ba mai ce masa sannu.

Barmani mai bandar kifi ce ta ga bai zo kasuwa ba. Ta bi gaɓa a ƙafa, ta same shi bai san inda kansa yake ba. Ta ce, "Baba, haka za ka mutu ko sallama babu?" Ta ja shi cikin kwalekwalensa, ta tuƙa da kanta har asibiti. Masu baki sun ce kifinta ta je nema. Ko ma mene ne, ita ta je.

Talle sarkin fawa, da ya ji, sai ya toshe kwatar mayanka da buhunan yashi, ya hana yanka sai can nesa da ruwa. Mahauta suka yi masa ca: "Saboda tsoho ɗaya za ka kashe mana sana'a?" Ya ce, "Wanda ya matsu ya sha ruwan in gani." Da bai toshe ba, da tsohon ya koma ya sake shan abin da ya kwantar da shi. Amma Tallen nan shi ya jagoranci gayyar.

Malam Ɗanjuma duba-gari ya shiga laka har ƙugu, yana dasa kacala saiwa-saiwa. Ba wanda ya taya shi. Mutane kan tsaya a bakin tafki suna cewa, "Allah ya ba da lafiya, Malam." Sai da ta tofu ruwa ya washe, ƙananan kifi suka dawo. Sai dai Ɗanjuma ya san amfaninta tun farko, kuma ranar gayya ya ji nauyin manya, ya yi shiru.

Ita kuwa hukumar da ta yi shela, har yau ba ta taka tungar ba. Na je ofishinta na faɗa, zan kuma koma: a haƙa wa tsohon rijiya, a ba shi haƙuri a gaban jama'a. Wannan haƙƙi ne, ba alfarma ba.

Baba Nomau ya warke, amma hannunsa ba ya iya tuƙi da filafili kuma. Na same shi zaune yana kallon ruwa. Ya ce, "Malam, kwalekwalen nan ubana ya sassaƙa. Mutum uku suka cece ni, shi kuwa ba ya rabuwa uku. Wanda na ba, shi ne ɗana, shi zai rufe ni."

To, ku da kuke zaune, tsakanin Barmani da Talle da Ɗanjuma, wa ya cancanci kwalekwalen?