Furannin da Suka Tona Asirin Bututu

An yi wani mutum, manomin alkama, ana kiransa Sahun-Gaba, don kullum shi ne a bayan liman. Gonarsa ce ta farko a bakin tafkin da muke ban ruwa da shi. Tamu, ni da mijina, ita ce ta ƙarshe.

Wata shekara aka yi fari, tafkin ya ja baya har laka ta tsage. Manoma suka zauna suka ce a riƙa sakin ruwa bi da bi, kowa da ranarsa. Aka yi rantsuwa a kan haka. Sahun-Gaba ne ya fara rantsewa.

Sanyi ya wuce, alkama ta fara fitar da kai. A irin wannan lokaci gefen gonaki kan cika da 'yan furanni, rawaya da farare. A shekarar nan ko ɗaya babu. Alkamar kowa ta tsaya iya gwiwa, ganye ya nannaɗe. Ta Sahun-Gaba kuwa kore shar, har ƙugu.

In an tambaye shi sai ya shafa gemu ya ce, "Ku dai gyara tsakaninku da Allah."

Mijina ya ɗauki maganar nan da gaske. Ya ce mini, "Ƙila ni ne mai laifin." Ya ƙara azumi. Ranar ban ruwanmu kuwa ruwa ba ya kaiwa ƙarshen magudana, sai ya riƙa ɗebowa da jarkoki a kafaɗa. Wata rana da azahar ya faɗi a tsakiyar gona, bakinsa da azumi. Kafin a kai shi asibiti ya cika.

Ya 'yan uwa, Sahun-Gaba ne ya yi masa wanka. Ya zo ya tsaya a ƙofar ɗakina ya ce, "Ki yi haƙuri, ƙanwata, haka Allah ya so." Ba ƙanwar fatar baki ba. Yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya.

Ba a jima ba wata tsohuwa mai kiwon awaki ta ga awakinta kullum wuri ɗaya suke nufa. Ta bi su. Sai ga furanni sun fito a busasshiyar ƙasa, a jere, siriri kamar an ja zare, daga bakin tafki har cikin gonar Sahun-Gaba. Ta tare shi gaban mutane ta ce, "Malam, ashe addu'ar taka a layi take tafiya?"

Aka ɗauko shebur aka bi furannin. Bututu ne a binne, yana yoyo a duk inda aka yi haɗi. Tun kafin rantsuwar ya binne shi.

Da aka zo aka gaya mini, kuka ma ƙin zuwa ya yi. Wanda ya goya ni ina ƙarama? Wanda ya ga mijina da jarkoki yana wucewa ta gefen gonarsa, har ya ce masa sannu?

Babu wanda ya taɓa lafiyarsa. Bututun kawai aka cire. Amma alkamar da ta saba da ruwa kullum saiwarta a sama take tsayawa, ba ta nitsewa. Cikin 'yan kwanaki ta ƙone tsaye, zangarniya fayau babu ƙwaya. Ta sauran mutane, da ta sha wuya ta kafa saiwa, ta ba da ɗan abin da ta bayar. Har tamu na sami na iri.

Aka cire shi daga rabon ruwa. Ya sayar da gonar. 'Ya'yansa suka bar garin don kunya. Da ya shiga masallaci, sai sahun gaba ya matse, ba wanda ya matsa masa. Yanzu yana zaune a zaure, ba ya magana da kowa. Nakan aika masa abinci. Har yau ban iya kallon fuskarsa ba.

Ya 'yan uwa, satar ruwa laifi ce. Amma ya saci ruwa, sannan ya jingina da Allah, ya sa bayin Allah suna zargin imaninsu. Wa yake tsammanin zai yaudara? Wanda ya halicci furen?

Allah ya jiƙan mijina. Allah ya ba yayana ikon tuba. Allah ya kiyaye mu da cin haƙƙin maƙwabci da sunan addini. Amin.