Abdulgafar da Kiran Tanti Balkisa

A Filinge, layin 'yan hatsi da ke bakin kasuwa, akwai wani mutum mai suna Alhaji Abdulgafar. Ba marowaci ba ne, wannan kam ko maƙiyinsa ba zai ɗora masa ba. Hannunsa a sake yake kamar bakin buhun da aka manta ba a ɗinke ba. Aibinsa guda ne: ba ya zuwa inda aka kira shi. In suna ake, ya aika goro. In rasuwa ce, ya aika tiya goma ta gero, ya ce a yi masa gaisuwa. A ganinsa wanda ya kai ya kawo ba ya tafiya, aike yake yi. Ƙafa ta talaka ce.

Allah kuma ya ba shi murya. An ce in ya faɗi farashin gero a Filinge, 'yan garin Bonkuku kan gyara nasu tun mota ba ta iso ba.

Yana da ɗiya 'yar shekara huɗu, sunanta Basiratu. Uwarta Samiratu ce ta kai ta jardan ɗin gwamnati da ke bayan lakol, wato makarantar boko. Jardan wuri ne inda ake koya wa ƙanana waƙa da ƙirga da zaman aji kafin su shiga aji ɗaya. Ɗaki guda ne da rumfar zana a gabansa, malamar kuma Tanti Balkisa. Gwamnati ke biyanta, amma sauran hidima ta iyaye ce. Tun farkon shekara kwamitin iyaye ya tsara cewa kowace safiya gida ɗaya zai turo uwa ko uba ya zauna cikin ajin, ya cika randa, ya ga yadda ɗansa ke yi cikin 'yan'uwansa. Aka ce uba ya daure ya zo da kansa ko sau ɗaya ne a shekara.

Da layi ya zo kan Alhaji, sai ga Albarka mai amalanken jaki a ƙofar jardan da tabarmi shida sababbi.

"Madam, ga saƙon Alhaji."

"Shi fa?"

"Ya ce tabarmin ga sun hi shi iya zama."

Tanti Balkisa ta yi dariya ta karɓa. A lokacin abin dariya ne.

Wajen watan Disamba ta fara lura da Basiratu. In aka kira suna, yarinyar ba ta amsawa sai in tana kallon bakin mai kira. In ana waƙa sai ta karkata kai, ta shigo bayan kowa. Wata rana Tanti ta gyara mata kallabi, ta ga tabon ruwa rawaya a wajen kunnen hagu. Ta kira Samiratu gefe ta nuna mata.

Samiratu ta sani. Tun ƙarshen damina kunnen ke ruwa. Ta kai ta likita, majo, babban ma'aikacin jinya na wurin, ya ba da magani, abin ya lafa, ya sake dawowa. Karo na biyu majo ya rubuta takarda, ya ce wannan ya wuce nan, a kai yarinya Yamai wajen likitan kunne, kada a jinkirta. Takardar tana cikin kwallar Samiratu, a ninke.

Ta fito da ita da rana, Alhaji na cin abinci, waya maƙale a kafaɗarsa.

"Alhaji, takardar majo ce. Ya ce Yamai."

"Kunnen yara ai haka shike. Ni ma na yi shi, ga ni yau ina jin har abin da ba a hwaɗi ba."

"To in ba ka da sarari, ka bar ni in kai ta. Ƙanwata na can."

"Matata ta shiga mota ita ɗai zuwa Yamai, ina raye? Ni ka kai ku. Bari in gama sayen kaka."

Kashegari ya aiko da kwalbar magani daga wajen mai tebur, da fakitin biskit. Shi ke nan, a wajensa an kashe magana. Abin da Samiratu ta manta, ko ta ƙi tunawa, shi ne shekarar ɗan hatsi ba ta da rata. In aka gama saye sai ajiya, in aka gama ajiya hatsi ya yi tsada, sai sayarwa.

Tanti Balkisa ta nemi lambarsa ta kira.

"Alhaji, Tanti Balkisa ce ta jardan."

"A'a, Madam! Ina gajiya? Ina yaran? Mi ya ƙare?"

"Ba abin da ya ƙare. So nike ka zo..."

"An gama. Gobe ki ga Albarka."

Kashegari kuwa ta ga Albarka, da bokitai. Ta sake kira bayan mako biyu, aka kawo buta goma da buhun shinkafa. Domin Alhaji tun yana yaro ya san abu guda: lakol ba ta kiran uba sai wani abu ya ƙare. Kafin sanyi ya wuce, bokitan jardan sun fi yaran yawa. Masu ƙari ma sun ce har maƙwabta suka daina sayen buta a unguwar.

Da ta ga waya ba ta yi, sai ta ɗaura mayafi ta tafi rumfarsa bayan an tashi. Zuwan farko yana kasuwar Baleyara. Na biyu ta same shi ana loda kamiyo, babbar motar kaya. Ya sa aka kawo mata kujera da lemo mai sanyi, yana yi mata maraba yana daka wa 'yan dako tsawa, duk da numfashi ɗaya.

"Alhaji, batun kunnen Basira ne. Jinta na raguwa."

"Uwatta ta hwaɗa min. Na sai magani."

"Ba batun kwalba ba ne. Ka zo ka zauna awa guda, ka gani da idonka. In ka gani, ba sai na ƙara magana ba."

"Haba Madam. Ni da gemuna, in naɗe ƙahwa cikin 'yan mitsi-mitsi ina waƙar agwagwa? Kuma yarinyar ga, a gida in na yi magana tana ji sarai. Kai! Buhun can ba nan za shi ba!"

Gaskiya ya faɗa. A gida in ya yi magana tana ji. Wanda ake jinsa daga Bonkuku, ina za a ce ɗiyar da ke zaune gabansa ba ta ji shi ba? Tanti ta ajiye lemon ba ta sha ba, ta yi sallama. Da yamma aka kawo wa jardan allo sabo.

A watan Afrilu, cikin tsananin zafi, zazzaɓi ya kama Basiratu kwana uku, bayan kunnenta ya kumbura. Alhaji yana Baleyara. Samiratu ta goya ta zuwa likita. Majo ya yi abin da zai iya, zazzaɓin ya sauka, ya tambayi takardarsa ta farko. Samiratu ta sunkuyar da kai. Majo ya rubuta ta biyu.

Bayan wannan yarinyar ta yi shiru. Ta daina waƙa a tsakar gida. In ta yi magana sai ta ɗaga murya fiye da kima, in aka yi mata sai ta zuba wa mutum ido. Alhaji ya lura da shirun, ya yaba.

"Kin gani? Lakol ta natsar da ita."

"Alhaji, Yamai."

"In ruwa ya sauka, kasuwa ta lahwa. Kwana nawa ne?"

A watan Yuni jardan ta shirya bikin ƙarshen shekara. Kwamitin iyaye ya aika wa Alhaji cewa za a gode masa a gaban jama'a, domin duk cikin iyaye ba wanda ya kai shi alheri. Wannan kiran kam ya amsa. Ya zo da shadda fara da ta sha bugu, sai da ya tambayi hanya sau biyu kafin ya gane ƙofar. Aka zaunar da shi a gaba. Aka yi jawabi, aka ambaci tabarmi da bokitai da allo, aka yi tafi. Yara suka yi waƙa da Faransanci da Hausa da Zabarmanci. Ya hango Basiratu a layin farko, tana motsa baki, ya ji daɗi.

Daga ƙarshe sai wasan da ake rufe biki da shi kowace shekara. Yara su jeru su fuskanci bango, su ba jama'a baya. Kowane uba ko uwa ya kira ɗansa daga inda yake, yaro ya gane muryar gidansu, ya juyo ya sheƙo a guje. Tanti da Samiratu sun riga sun shirya tsakaninsu: in layi ya zo kan Basiratu, uwar za ta lallaɓa ta dafa kafaɗarta, ba wanda zai lura.

Aka fara. "Faruk!" Ya juyo da gudu har ya faɗi, aka yi dariya. "Zainabu!" Ta sheƙo. Bango na ta raguwa. Samiratu ta miƙe za ta zagaya, sai Alhaji ya ɗaga hannu.

"Zauna. Yau ni ka kiran ɗiyata."

"Alhaji, bari in..."

"Zauna, na ce."

Ya tashi tsaye, ya gyara babbar riga.

"Basira!"

Yarinyar tana tsaye, goshinta kusa da bango, tana wasa da yatsunta.

Ya yi murmushi ya dubi jama'a. Ya ƙara murya.

"Basiratu!"

Wani jariri ya firgita ya fashe da kuka. Basiratu ta sosa ƙafa da ƙafa.

Na uku ya saki muryar kasuwa gaba ɗaya, wadda yake tsayar da kamiyo da ita. Awakin da ke bayan katanga suka watse. Yarinyar ta ɗan karkata kai dama, kamar wadda iska ta taɓa, sannan ta koma kallon bango. Ita kaɗai ta rage. Tana jiran a dafa ta, kamar yadda aka ce mata.

Ba wanda ya yi dariya. Ba wanda ya dube shi ma, kowa ya sami abin kallo a ƙasa. Alhaji ya tsaya da baki a buɗe. Bai ji kunya ba, bai ji tsoro ba. Bai ji komai ba. Yana ganin bango, yana ganin kallabin ɗiyarsa, yana ganin wata ƙadangaruwa na hawa ta gefen taga, duka ɗaya suke a idonsa. Samiratu ta wuce ta gabansa, ta je ta dafa yarinyar. Basiratu ta juyo da fara'a, ta ga ubanta tsaye, ta rugo ta rungume masa gwiwa, domin a saninta ta ci wasan.

Kashegari suka shiga motar farko ta Yamai. Bai leƙa rumfa ba.

Likitan kunnen ya karɓi takardu biyun, ya dubi kwanan watan ta farko, ya dubi Alhaji.

"Tun yaushe kunnen ke ruwa?"

Alhaji ya buɗe baki. Samiratu ta ce, "Tun ƙarshen damina."

"Wane ya fara?"

"Na hagu," in ji Samiratu.

"Zazzaɓin fa, kwana nawa ya yi?"

"Uku."

Daga nan likitan bai ƙara duban Alhaji ba, da uwar yake magana. Aka sa wa yarinyar wani abu a kunne, aka ce ta ɗaga hannu in ta ji ƙara. Ta daɗe hannunta na kan cinya. Da aka gama, likitan ya ce na hagu ya tafi, ba ya dawowa. Na dama da saura, za a yi ƙoƙari a tsare abin da ya rage, wataƙila da na'ura. Ya ce da an zo lokacin takardar farko, da magana ta bambanta. Ya faɗi haka ba da faɗa ba, kamar mai faɗin ƙarfe nawa ne.

"Ko nawa ne, likita," in ji Alhaji. Muryarsa ta fito ƙarama.

"Ba a sayar da shi, Alhaji."

A hanyar dawowa motar ta tsaya Baleyara. Abokan cinikinsa suka hango shi ta taga, suna kira suna tambayar farashi. Ya dube su kamar bai taɓa ganinsu ba. Samiratu ta juya fuska waje tun daga Yamai, ba ta kuma zarge shi ba. Basiratu na kan cinyarsa tana cin ƙosai. Ya sunkuya kusa da kanta, ya motsa baki. Ta ji numfashinsa a wuyanta, ta juyo ta kafa wa leɓɓansa ido, ta tambaya da ƙarfi har mutanen motar suka waiwayo:

"Baba, mi kac ce?"

Ya dube ta. Ya nemi abin da ya ce, bai same shi ba. Direba ya tada mota.

Darasin wannan labari a fili yake. Makarantar ƙanana ba ta kiran iyaye don abin hannunsu kaɗai. Malama tana ganin yaro cikin sa'o'insa, tana ganin abin da ido ba ya gani a gida, kuma sau da yawa abin da za ta nuna maka yana da lokaci, in ya wuce ya wuce. Kyauta aba ce mai kyau, amma ba ta da ido, ba ta da kunne, ba ta yanke shawara. Duk uban da aka kira a kan ɗansa, ya tashi ya je da ƙafarsa, ya zauna ya saurara har mai magana ta kai ƙarshe. Ana aike a sayo komai a kasuwa, amma ba a aike a yi wa mutum uba.