Shingen da Halake Ya Buɗe

Halake makiyayi ne a filin Liben, ƙasar Borana. Ba rago ba ne, ba ɓarawo ba, amma gajen haƙuri ya yi masa katutu. Ko shayi ba ya bari ya huce.

Ƙauyensu na da kalo, wato filin ciyawa da ake kewayewa da ƙaya a ajiye wa maruƙa har rani. Ba mai buɗe shi sai dattawa sun zauna. Da yake shanu sun aske sauran filin, a nan kaɗai wani ɗan tsuntsu mai launin ƙasa yake sheƙa, a gindin ciyawa. Da safe yakan tashi sama kaɗan, ya rera, ya faɗo. Da wannan waƙar Halake ya girma.

Damina na kankama, Halake ya fara zagayen shinge, har ya tari ɗaya daga cikin dattawan.

"Baffa Wario, ciyawa na tsufa, bijimaina kuwa sai haƙarƙari."

"Kai bakwaini, ina ka iya jira?" in ji tsohon. "Tsuntsayen nan suna kwancin ƙwai. Bari su ƙyanƙyashe."

"Abin da bai cika tafin hannu ba? Tatsarsa ake yi?"

Ranar da maza suka tafi rijiya, Halake ya janye ƙaya ya kora bijimansa ciki. Shanun maƙwabta suka ga ƙofa, suka bi. Da la'asar ya tarar da sheƙa a cikin sawun kofato, ƙwai a fashe, uwar tana ta kewaya wurin da ƙafa. Ya tsuguna yana kallonta.

Dattawa suka ci shi tara, ya gyara shingen. Da damina ta zagayo ciyawa ta dawo, amma tsuntsun bai dawo ba.

Sai dai Halake bai daina jin sa ba. Kullum da safe yakan ajiye ƙwarya ya ruga bakin kalo, ya tsaya yana duban sama, har ya rame.

"Talaso, kin ji? Ga shi can!"

Matarsa ta saurara, ta daɗe. Iska ce kawai a cikin ciyawa.

"Maigida," ta ce tana hawaye, "babu abin da ke kuka. Kai kaɗai kake ji."

Jama'a, gaggawa aikin Shaiɗan ce. Shinge yana gyaruwa, tara tana biyuwa, amma akwai halittar da in ta tafi ta tafi ke nan. Kada ka raina abu don ba a tatsarsa.