Amaryar da Ta Tsaya a Jikin Murhu

Akwai wani saurayi mai suna Yarema, mai fiton mutane da kwalekwale a wani ƙauye da ke bakin kogin Desna. Shi da mahaifiyarsa Horpina kaɗai suka rage a gidansu.

A makon 'yan ruwa, lokacin da hatsi ke fure, ba a wanka a kogi, ba a wanki. Mata kan rataye tufafi a bishiyoyi domin 'yan matan da ruwa ya ci kafin su yi aure, suka zama 'yan ruwa, su samu abin rufe jiki. Horpina ta ba ɗanta wata farar riga ya je ya rataye. Ya juya ke nan sai ya ji murya daga sama.

"Hannun rigar ya yi mini gajere, amma ka gaishe da mai ɗinkin."

Ya ɗaga kai. Wata budurwa ce zaune a kan reshe, gashinta har ƙafa, ruwa na ɗiga daga jikinsa.

"Ba za ka gudu ba?" in ji ta.

"In gudu ina? Kwalekwalena yana bayanki."

Ta yi dariya. Sunanta Solomiya. Daga ranar nan Yarema ya koma cin abincin ranarsa a ƙarƙashin wannan bishiya. Ya sassaƙa mata mataji na itace, tana tsomawa a kogi tana taje kai suna hira. Abu ɗaya ta roƙe shi.

"Yarema, gashin nan shi ne raina. Ranar da ya bushe, na tafi."

Magana ta zaga ƙauye. Panas maƙeri ba ya ganinsa bai tsokane shi ba. "Angon kifi! Ranar biki da ƙafa za mu je ko sai mun koyi iyo? A gaishe da surukai, kwaɗi!"

Abin ya ci wa Yarema rai. Ya rantse sai an yi masa neman aure cikakke, irin na kowa, a gaban idon Panas. Horpina ta yi kuka, ta yi addu'a, sannan ta ce, "Marainiya ce. Ni zan tsaya mata uwa." Ta karɓo rigar nan ta ƙara mata hannu.

A al'adarsu, dattawa kan shigo da burodi su yi jawabi, ita kuwa budurwa ta tsaya a jikin babban murhun ƙasa na ɗaki, ba ta cewa uffan, tana ƙwaƙular bangonsa da farce. Wannan ita ce amsar "na yarda". Ba ta gusawa sai sun gama.

Ranar neman auren da safe Solomiya ta iso gidansu Yarema da bokitin ruwa da matajinta. Duk inda ta taka sai daɓen ya jiƙe. Yarema ya dubi ƙasa, ya hango dattawa sun doso ƙofa.

"Ki bar bokitin a waje. Yau kaɗai."

"Yarema, an gasa burodi a murhun nan. Da zafi."

"Ɗan lokaci ne, Solomiyata." Ya naɗe mata gashin, ya ɗaure da ɗankwali.

Horpina ta ce, "Ɗana, bar wa yarinyar nan ruwanta."

"Haba Inna! So kike a riƙa yi mana dariya har jikoki?"

Solomiya ta dube shi. Ta je ta tsaya a jikin murhun.

Cikin dattawan, Panas ne ya buɗe jawabi, ga shi mutum mai son a saurare shi. Ya ce su mafarauta ne, sawun wata kyakkyawar dabba suka biyo har gidan nan. Ya kawo wannan, ya kawo wancan, har da labarin ranar da ya nemi tasa matar aka kore shi da kabewa, alamar an ƙi shi. Ɗaki ya kaure da dariya. Yarema ma yana ciki, yana jin ƙarar farcenta a bayansa, ƙarat, ƙarat, zuciyarsa fal da alfahari. Yau dai Panas ya gani da idonsa.

Bai lura da lokacin da ƙarar ta tsaya ba. Horpina ce ta fara juyawa.

"'Yata!"

Solomiya ta sulale ƙasa. Ɗankwalin ya zame, gashin ya bayyana a bushe kamar ciyawar da aka shanya. Yarema ya tallabe ta yana kiran a kawo ruwa.

Ta buɗe ido da ƙyar. "Na yarda ai. Ka duba bangon."

Ya ɗauke ta ya ruga kogi. Yana gudu tana ƙara sauƙi a hannunsa. Da ya faɗa cikin ruwa har ƙirji, babu abin da ke hannunsa sai farar riga mai ƙarin hannu.

Panas bai sake tsokanar kowa ba. Duk shekara idan Horpina za ta shafa wa murhu farar ƙasa, sai ta kewaye wurin nan, ta bar sawun farcen yadda yake. Yarema ya tsufa bai yi aure ba. Har ya rasu, kowace safiya sai ya ɗebo ruwa a kogi, ya cika bokitin, ya ajiye a gindin murhu.

Darasi: Wanda yake ƙaunarka zai iya yin shiru ya cutu don kada ka ji kunya, to kada ka sa shi a wannan hali. Idan ya gaya maka abin da ba zai iya ɗauka ba, ka ji, ko da duk gari zai yi maka dariya. Dariyar mutane takan wuce, wanda ka rasa ba ya dawowa. Allah ya ba mu ikon riƙe amanar masu sonmu. Ku tura wa 'yan'uwa, wataƙila akwai wadda ke tsaye a jikin murhun wani a yau.