Yuften da Hayaƙin Tsauni

A zamanin da ƙarfin Rumawa ya fara raguwa a Bahar Rum, kafin Larabawa su kama tsibirin Sikiliya, akwai wani ƙaramin tsibiri kusa da shi. Dutse ne da awaki da itacen zaitun. Mutanensa ruwan sama suke tarawa a ramuka. Wata shekara ramukan suka ƙafe, har Agata, tsohuwar da ake jin maganarta, ta ce idan wata ya mutu ba ruwa, a bar tsibirin da kaburburan iyaye.

A lokacin ne guguwa ta jefo Yuften, maharbi daga ƙasar Barbar ta arewacin Afirka. Yuften dodon dawa, mai sa zaki canza hanya. An ce kibiyarsa takan bi nama har kwana. Ya zaga tsibirin kaf yana neman abin da ya kai a harba. Zomo ya samu.

Mutanen nan suna da doka. Hayaƙi a kan tsauni na nufin jiragen mahara sun taho, kowa ya kwashi iyali ya shige kogo. Ba wanda ya gaya wa baƙo. Ya hau tsaunin don akwai iska, ya hura wuta, ya ɗora zomonsa.

Gari ya watse. Da Yuften ya hango ana gudu, sai ya yi murna, a zatonsa a ƙarshe wata dabbar kirki ta fito. Ya ɗauki baka ya bi su yana kirari. Su kuma da suka waiwaya suka ga ƙato da baka yana ihu, suka nausa cikin kogon har inda kakanninsu ba su taɓa kaiwa ba. Can cikin duhu Nikita, mai garin, wanda ya fi kowa gudu, ya faɗa ruwa tsundum. Ya kurɓa ba da niyya ba. Ba gishiri.

Agata ta tare maharbin, tana haki.

"Kai ɗan nan, jiragen nawa ne?"

"Zomo ne, Inna. Shi ma ya ƙone."

Nikita ya nemi a jefa Yuften teku. Agata ta ce Nikita ya fara matse rigarsa tukuna, a cikin tulu.

Ba a bar tsibirin ba. Aka gina gari a bakin kogon, wanda daga baya Larabawa suka kira Ayn Yuften, wato idon ruwan Yuften. Har yau zuriyarsa ke fara ɗiban ruwa a kowace sabuwar shekara. Amma ba a yarda su riƙe wuta ba. Maƙwabta ke dafa musu.