Rimot Ɗin da Ya Zo a Makare

Akwai wani mai gyaran rediyo da ya tsufa a cikin sana'arsa, har mutane suka manta sunansa, kowa sai dai ya ce Mai Rediyo. Hannunsa na da kyau, wannan babu musu. Aibinsa ɗaya ne: bai yarda akwai wanda zai nuna masa wani abu ba.

Ana nan sai matarsa ta kamu da shanyewar ɓarin jiki. Ƙafa ta daina ɗaukarta, hannun dama ya mutu, na hagu kaɗai ya rage. 'Ya'yansu duk sun yi aure a nesa. Idan ya fita shagonsa da ke jikin gidan, ko kofin ruwan da ke kan tebur sai dai ta bi shi da ido.

Abin ya dame shi, domin yana son matarsa. Sai ya tattara tarkacen shago, ya ƙera mata ɗan mutum-mutumi mai tayoyi huɗu da faranti a kansa, wanda zai riƙa kawo mata ruwa da magani daga tebur zuwa bakin gado. Da wata doguwar waya mai maɓallai take tuƙa shi. Ranar farko ta yi dariya har da ƙwalla.

"Malam, ashe ɗan aike ka haifa mini da tsufana," in ji ta.

Sai dai wayar ta zama matsala. Kullum sai ta naɗe a ƙafar gado ko ta kujera, ɗan aiken ya tsaya cak a tsakiyar ɗaki. Mai Rediyo ya ce zai cire wayar gaba ɗaya, ya sa masa rimot mai aiki da siginar rediyo. Ya ɗauke shi ya koma da shi shago.

"Kwana kaɗan ne," ya ce mata.

Ya haɗa na'urar aika sigina da ta karɓa da hannunsa, daga kayan tsofaffin rediyoyi. A kan tebur komai lafiya lau. Amma da zarar injunan tayoyin sun fara juyawa, sai siginar ta rikice. Ɗan aiken ya zabura ya daki bango, ko ya yi ta kewaya wuri ɗaya kamar mai hajijiya.

Yana da ƙani da ake kira Auta, mai gyaran motocin wasan yara da ƙananan jiragen nan masu tashi da rimot. Wata rana Auta ya zo duba matar yayansa, ya leƙa shago, ya ga abin da ke faruwa.

"Yaya, injunan ne ke dagula siginar," ya ce. "Ka raba musu batir. Kuma ina da wata 'yar ƙaramar na'ura irin ta zamani, kafin la'asar mun gama."

Mai Rediyo bai ko ɗago kai ba.

"Wa ya koya maka riƙon sukuddireba?"

"Kai ne, Yaya."

"To, yau ƙwai ne zai koya wa kaza wayo? Je ka ci gaba da wasan yaranka."

Auta ya laluba aljihunsa. Ya ajiye na'urar a gefen tebur zai fita, yayan ya ture ta ta faɗo ƙasa. Ya sunkuya ya ɗauki abarsa, ya yi sallama. Tun daga ranar, idan ya zo, ɗakin mara lafiya kawai yake shiga.

Kwanaki suka zama makonni, makonni suka zama watanni. Mai Rediyo ya canza eriya, ya canza batir, ya warware ya sake haɗawa. Yanzu ba don matarsa yake yi ba, don kada a ce Auta ya fi shi ne. Yana shiga ɗaki ya ba ta abinci da magani a gurguje, hankalinsa na shago.

"Malam, ka maido mini shi da wayarsa, haka nan ma ya ishe ni," ta ce masa wata safiya.

"Na riga na cire wayar. Saura ƙiris."

"To ka kira ƙaninka mana. Ɗan'uwa ai rabin jiki ne."

"Ke ma kin raina ni ke nan?"

Ba ta sake tayar da maganar ba. Dama maganar tata ta fara nauyi, shi ne bai lura ba.

Wata rana da hantsi ya ji ƙarar faɗuwa. Ya ruga ɗaki ya same ta a ƙasa, tsakanin gado da tebur. Ƙishirwa ce ta dame ta, ta yi ta kira bai ji ba saboda ƙarar injunan da yake gwadawa, sai ta yunƙura da kanta. Aka kai ta asibiti. Likita ya ce ciwon ya sake bugunta.

Ranar da aka sallamo ta, Mai Rediyo ya taka da ƙafarsa har shagon Auta. Ya tsaya a bakin ƙofa.

"Auta, na'urar nan tana nan?"

"Tana nan, Yaya. Ban sayar ba."

Auta bai yi masa gori ba ko da kalma ɗaya. Ya rufe shago ya bi shi. Suka raba batir, suka ɗaura na'urar, suka nesanta eriya daga injuna. Kafin rana ta yi sanyi, ɗan aiken na tafiya sumul, gaba da baya, hagu da dama.

Mai Rediyo ya ɗora kofin ruwa a farantin, ya shiga ɗaki. Ya sa mata rimot a hannun hagu.

"Gwada ki gani. Danna nan kawai."

Ta dubi rimot ɗin, ta dube shi. Yatsunta suka ɗan motsa, amma suka kasa dannawa. Rimot ɗin ya zame ya faɗi a kan zanin gado. Hannun da ya rage mata ma ya tafi.

Auta ya juya ya fita tsakar gida yana share ido. Mai Rediyo ya durƙusa a bakin gado, ya ɗauki kofin, ya tallafi kanta ya ba ta ruwan a baki. Ta sha kaɗan. Tana so ta ce wani abu, harshe ya ƙi.

Bai ƙara buɗe shago ba sai bayan rasuwarta, kuma ba ta daɗe ba. Masu zuwa ta'aziyya sukan ga ɗan aiken a lungun ɗaki, su yi ta yaba gwanintarsa. Shi kuwa sai ya sunkuyar da kai, ya ce, "Aikin yini ɗaya ne. Ni na mai da shi na watanni."

Darasi: Girman kai rawanin tsiya ne, kuma sau da yawa ba mai shi ne ke fara ɗanɗana kuɗarsa ba, na kusa da shi ne. Neman taimako ba ya rage darajar gwani, ko da a wurin ƙaninsa ne. Idan akwai wanda ke jiran ka, kada ka bari taurin kai ya cinye lokacin da ya rage muku. Ku tura wa 'yan'uwa da abokai, wataƙila wani ya sauko tun da sauran lokaci.